Bachar Houli da ƙwallon Ostareliya: tambayoyi da amsoshi kan ɗan wasan da ya ɗauki kofi uku bai saki sallarsa ba

Duk sanda na ambaci sunan Bachar Houli a majalisa, sai wani ya ce, a Ingila yake ko a Sifen? Ba ko ɗaya. Ƙwallon da ya yi shekara 15 yana bugawa ba irin tamu ba ce, ta mutanen Ostareliya ce, su suka ƙirƙiro abarsu, su ne kuma suka fi kowa haukarta. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kansa da kuma wasan nasu, domin labarinsa ya cancanci a ji shi da Hausa.

Wane ne Bachar Houli?

Ɗan Ostareliya ne, asalin iyayensa Labanan. An haife shi a birnin Melbourne ranar 12 ga Mayu, 1988, ya tashi a unguwannin yammacin birnin, inda baƙi 'yan ci-rani da ma'aikatan masana'antu suka fi yawa. Sunan nasa Bashar ne, rubutun ne kawai ya bi salon Faransanci irin na mutanen Labanan. Ya buga wa kulob biyu a babbar gasar ƙasar da ake kira AFL: Essendon daga 2007 zuwa 2010, sai Richmond daga 2011 zuwa 2021. Jimillar wasanninsa 232, ya ɗauki kofi uku, a 2017 da 2019 da 2020, duka da Richmond.

Wace irin ƙwallo ce wannan? Ba zari-ruga ba ce?

A'a, ko da yake wanda ya hango daga nesa zai iya ɗauka ita ce, saboda ƙwallon mai siffar ƙwai ce kuma ana kayar da juna. Filin ma mai siffar ƙwai ne, ƙato, tsawonsa kan kai mita 135 zuwa 185, domin asalinsa filin kurket ne. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 18 a ciki. Babu raga, babu mai tsaron gida, babu satar gida. A kowane ƙarshen fili akwai dogayen sanduna huɗu. Ka buga ƙwallo da ƙafa ta ratsa tsakanin biyun tsakiya ba wanda ya taɓa ta, maki 6 ke nan. Ta bi ta gefe, ko ta daki sandar tsakiya, ko wani ya taɓa ta, maki 1.

Ana riƙe ƙwallon da hannu a gudu da ita, amma dole a buga ta da ƙasa kowace mita 15. Ba a jifa da ita. In za ka miƙa wa ɗan'uwanka da hannu, sai ka ɗora ta a tafin hannu ɗaya ka naushe ta da ɗayan. Abin da ya fi burge 'yan kallo shi ne cafka: idan an bugo ƙwallo ta yi tafiyar mita 15 ko fiye, ka cafke ta a sama ba ta taɓa ƙasa ba, alƙali zai hura, ka samu bugu ba wanda zai taɓa ka. Saboda wannan cafkar ne za ka ga ƙato ya taka kafaɗar ƙato da gwiwa ya tashi sama kamar shaho, kuma doka ta yarda.

An rubuta dokokinta na farko a Melbourne a 1859, wato ta riga hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda aka kafa a 1863. Gasar da ake yi yanzu ta fara a 1897 a matsayin ta jihar Victoria, inda Melbourne take, aka sauya mata suna zuwa AFL a 1990. Kulob 18 ne a ciki, 10 daga cikinsu a jihar Victoria.

Yaya aka yi ɗan gidan Larabawa ya shiga wannan wasa?

A ɓoye. Yana ɗan shekara 11 ya fara buga wa ƙaramin kulob na unguwar Spotswood, iyayensa ba su sani ba, domin su karatu suke so ya yi. Duk wanda ya taɓa ɓoye takalmin ƙwallo a gidan abokinsa ya san wannan labarin. Amma wuta ba ta ɓoyuwa a cikin auduga: yaron ya yi ta cin kyaututtuka har magana ta isa gida. Daga baya iyayen suka sa masa albarka, suka koma cikin masu zuwa fili. Ya yi karatu a makarantar Musulunci ta Al-Taqwa da ke yammacin Melbourne, ya kuma buga wa Western Jets, ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 18 ta yankin, wadda daga irinta ne manyan kulob ke tsintar yara.

Ta yaya ake zama ƙwararre a can? Saye ake yi kamar a Turai?

Nan ne tsarinsu ya sha bamban da wanda muka saba gani. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi. Kowace shekara, bayan an gama kaka, ana yin taron zaɓen sababbin 'yan wasa. Yara masu kimanin shekara 18 su ba da sunayensu, kulob-kulob su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya zo na ƙarshe a tebur shi ke fara zaɓe. Yaro ba shi da ta cewa: in kulob na Perth ya kira sunansa, sai ya haɗa kayansa ya tafi, ko da gidansu na Melbourne, nisan sama da kilomita 3,000 a mota. Sannan akwai iyakar kuɗin albashi da kowane kulob zai iya kashewa, ba wanda ya isa ya wuce. Manufar ita ce kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye ya bar sauran da tarkace.

Kafin zaɓen akwai sansanin gwaji, inda ake auna gudu da tsalle da juriya. Na shekarar 2006 ya faɗo cikin Ramadan, a birnin Kanbera. Houli bai yanke hukunci da ka ba. Ya je ya tambayi malami, sannan ya ajiye azumin kwana uku na gwajin. Ina son wannan labarin, don ya nuna irin mutumin tun yana ɗan 18: bai ce addini ya hana shi ba ya zauna gida, bai kuma yi gaban kansa ba. A watan Nuwamban shekarar Essendon ta ɗauke shi a lamba ta 42. Wato an fifita mutum 41 a kansa.

Me ya raba shi da Essendon?

Benci, ko ma abin da bai kai benci ba. Essendon babban gida ne mai kofi 16, kuma tsohon kocinsu Kevin Sheedy ne ya fara sa shi a wasa a 2007. Amma a ƙarshen shekarar Sheedy ya tafi, Matthew Knights ya karɓa, rauni ya yi ta bin Houli, in ya warke kuma sai a tura shi ƙaramar ƙungiya. Shekara huɗu, wasa 26. A lokacin da kowane kulob ke buga wasa 22 a kaka, wannan lissafin mutumin da ake shirin mantawa da shi ne.

Da kwantiraginsa ya ƙare a 2010 ya ce zai tafi. A lokacin ba a fara barin ɗan wasa ya zaɓi inda zai koma da kansa ba, sai a ƙarshen 2012 aka kawo wannan tsarin. Essendon da Richmond ba su daidaita kan musaya ba, don haka ya sake jefa sunansa a ƙaramin zaɓen da ake yi kafin kaka. Richmond, wadda ta ƙare ta 15 cikin 16 a shekarar, ta ɗauke shi a lamba ta 3. A kakar 2011 kaɗai ya buga wasa 22.

Akwai wani abu da ba na iya wucewa ban faɗa ba. A 2012 Essendon ta faɗa badaƙalar allurai da magungunan ƙara kuzari, har kotun wasanni ta duniya ta dakatar da 'yan wasa 34 a Janairun 2016. Da ya zauna, Allah kaɗai ya san inda zai tsinci kansa. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Wane gurbi yake bugawa, kuma mene ne gwanintarsa?

Ɗan baya ne na gefe, amma irin wanda hari ke farawa daga ƙafarsa. Ba dogo ba ne a ma'aunin wasan, santimita 180, a filin da ake samun masu mita biyu. Abin da yake da shi ƙafar hagu ce mai saiti, da huhu. Ka kalle shi: abokan hamayya sun bugo ƙwallo sama, manyan 'yan baya sun yi cincirindo sun doke ta ƙasa, shi kuwa ya riga ya zame gefe inda ba kowa. A miƙo masa, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya buga ta ƙasa-ƙasa ta yi mita 40 ko 50 ta sauka a ƙirjin ɗan'uwansa. Bai tsaya kallon bugun ba, ya bi ta da gudu don a sake ba shi. Haka zai yi ta yi har zango huɗu su ƙare, kowane zango minti 20 ban da ƙarin lokaci, wanda kan kai shi kusan 30.

A 2019 aka sa shi cikin gwanayen shekara na ƙasar baki ɗaya, yana da shekara 31, shekarun da wasu ke tunanin ajiye takalmi.

Yaya aka yi kofunan uku suka zo?

Sai an san yunwar Richmond kafin a gane daɗinsu. Rabon kulob ɗin da kofi tun 1980. A 2013 da 2014 da 2015 sun kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ana fitar da su a wasan farko. A 2016 suka zo na 13, magoya baya suka fara kiran a kori koci Damien Hardwick. Ba a kore shi ba.

Ranar 30 ga Satumba, 2017, a babban filin MCG na Melbourne, gaban mutum 100,021, suka doke Adelaide da maki 108 da 60, alhali Adelaide ce ta zo ta ɗaya a tebur kuma ita aka fi ba wa nasara. Houli ya yi wasan rayuwarsa ranar, har da cin maki 6 da ƙafarsa, shi da yake ɗan baya. A ƙuri'ar gwarzon wasan ƙarshe, wato lambar Norm Smith, ya zo na biyu bayan abokin wasansa Dustin Martin. A 2019 suka ragargaza GWS Giants da 114 da 25, aka sake ƙuri'a, Martin na ɗaya, Houli na biyu. A ganina lambar 2017 tasa ce. Martin ɗan wasa ne da ba a samun irinsa kullum, amma a zangon farko na wasan, lokacin da Adelaide ke kan gaba kuma ƙafafun 'yan Richmond ke rawa, Houli ne ya tsaya daram.

An ce ya buga wasan ƙarshe na 2020 da rauni. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma shekarar gaba ɗayanta jarrabawa ce gare shi. Annobar korona ta rufe Melbourne, aka kwashe kulob-kulob ɗin jihar zuwa wasu jihohi, mafi yawa Queensland, aka killace su a masaukai. Houli bai bi su da farko ba, saboda haihuwar matarsa. Ana cikin haka mahaifiyarsa ta kamu da cutar har aka kwantar da ita a ɗakin kulawa ta musamman. A watan Yuli ya fito a bidiyo yana roƙon jama'a, musamman Musulmin Melbourne, su je a gwada su, su daina ɗaukar cutar da wasa. Allah ya ba ta lafiya, shi kuma ya bi sahun 'yan'uwansa daga baya.

Wasan ƙarshe aka yi shi a filin Gabba na Brisbane ranar 24 ga Oktoba, karon farko a wajen jihar Victoria, karon farko kuma da dare. Minti kaɗan da farawa ɗan bayansu Nick Vlastuin ya bugu a ka aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Kusan a daidai lokacin naman sharaɓar Houli ya yage. A lokacin mutum huɗu ne kawai ake musaya da su a benci, ɗaya ya riga ya tafi, in shi ma ya fita saura biyu. Koci ya roƙe shi ya daure. Ya daure har ƙarshe, yana ɗingishi yana tare mutum. Geelong ta ba su ratar maki 22 a zango na biyu, suka farfaɗo suka ci 81 da 50.

Yaya yake yi da salla da azumi?

Kakar AFL tana tafiya daga Maris zuwa Satumba, kuma tun daga 2008 har ya yi ritaya Ramadan na shigowa cikinta. Sa'arsa ɗaya: damina da zafinmu a nan sun yi daidai da hunturunsu, don haka a watan Yuni azumin Melbourne bai cika wuce awa 11 da ɗoriya ba, ga sanyi. Duk da haka atisaye da azumi a baki, ga mutumin da ke gudun sama da kilomita 10 a wasa ɗaya ana bangazarsa, ba ƙaramin abu ba ne.

Kan salla kuwa, abin da ya yi ya wuce kansa. A 2012, yana jakadan hukumar AFL kan al'ummomi mabambanta, ya nemi a samar da ɗakin ibada a filayen wasa, domin Musulmin da ya zo kallo kada ya rasa inda zai yi salla sai bayan mota ko ƙarƙashin matakala. Hukumar ta amince ta ce a yi a dukkan filayenta, ɗaki na kowane addini. Wasu manya sun yi ta surutu, ciki har da tsohon shugaban gwamnatin jihar Victoria Jeff Kennett, amma aka yi.

Ba ya shan giya, a wasan da kamfanonin giya ke cikin manyan masu ɗaukar nauyi, kuma bikin nasara kusan da ita ake yi. Bai ɓoye ba, bai kuma mayar da abin faɗa ba. Gemunsa ma ya zama alamar da ake gane shi da ita daga can saman benen 'yan kallo.

Shi ne Musulmi na farko a gasar?

A'a. Adem Yze, mai asali da Albaniya, da Sedat Sir, mai asali da Turkiyya, sun riga shi. Abin da ake cewa shi ne, Houli ne na farko da ya fito da ibadarsa fili.

Ba shi da wani tabo ko kaɗan?

Yana da shi, kuma ba zan rufe ba. A watan Yunin 2017, a wasa da Carlton, Jed Lamb na riƙe da shi, sai ya wurga hannu baya ya same shi a ka, Lamb ya faɗi sumamme. A AFL babu jan kati, ana gama wasa ne sannan kwamitin ladabtarwa ya zauna. Kwamitin ya ba shi dakatarwar wasa biyu kawai, bayan an gabatar da kalaman yabon halinsa daga Firaminista Malcolm Turnbull da ɗan jarida Waleed Aly. Ƙasa ta ɗauki zafi. Hukumar AFL ta ɗaukaka ƙara kan hukuncin kwamitinta, abin da ba ta taɓa yi ba, aka mayar da shi wasa huɗu.

Ina ganin huɗun ne daidai. Kyawun hali ba ya rage zafin bugu a kan wanda aka buga. Shi kansa ya nemi gafarar Lamb, ya karɓi hukunci bai yi gardama ba, ya dawo kafin ƙarshen kaka, bayan wata uku da faruwar abin ya ɗaga kofi.

Ya fuskanci ƙyama saboda addininsa?

Ya fuskanta, daga bakin wasu 'yan kallo da kuma a intanet. Amma abin da ya fi zama a raina martani ne da aka mayar ba da baki ba. A watan Agustan 2018 wani sanata, Fraser Anning, ya tashi a majalisar dattawa ya nemi a hana Musulmi shigowa ƙasar. A daren Juma'ar makon Richmond za ta kara da Essendon a MCG. Al'ada ita ce kyaftin biyu su je tsakiyar fili a jefa kwabo. Sai kowane kyaftin ya taho da Musulmin kulob ɗinsa: Houli a rigar Richmond baƙa mai ratsin ɗorawa, Adam Saad a ta Essendon baƙa mai ratsin ja. Suka gaisa, suka rungumi juna gaban dubban mutane da kyamarorin talabijin, sannan kowa ya koma ɓangarensa aka hau wasa.

Nawa suke samu?

A 2019 matsakaicin albashin ɗan wasan AFL ya kai kimanin dalar Ostareliya 360,000 a shekara, 'yan ƙalilan ne ke haura miliyan. Kuɗi ne mai kauri, amma manyan taurarin Firimiyar Ingila na ɗaukar irinsa a mako. Dalili a fili yake: ƙasa ɗaya ce ke kallon wasan, ga kuma iyakar albashi.

Wasan ba shi da haɗari? Na ga ba sa sa kwalkwali.

Yana da shi sosai. Riga ce marar hannu, gajeren wando, sai robar kare haƙora. Gwiwa da kafaɗa da jijiyar bayan cinya su ne abincin yau da kullum na likitocin kulob. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne bugun kai. Shane Tuck, wanda suka yi wasa tare da Houli a Richmond har 2013, ya rasu a 2020 yana da shekara 38, kuma da aka binciki ƙwaƙwalwarsa aka tarar da mummunar lalacewa irin wadda yawan bugun kai ke jawowa. Daga 2021 hukumar ta wajabta hutun aƙalla kwana 12 ga duk wanda ya bugu a ka. Wannan ma na cikin abin da ya sa na ce hukuncin 2017 bai yi tsauri ba.

Yaushe ya daina, kuma me yake yi yanzu?

A watan Agustan 2021, yana da shekara 33, bayan raunin idon sawu ya katse masa kaka. Wasanninsa a Richmond 206.

Aikin da ya koma ba sabo ba ne gare shi. Tun 2012 ya buɗe makarantar horar da matasan Musulmi masu hazaƙar wasan, da gasar kofi tsakanin makarantun Musulunci, daga baya aka haɗa su ƙarƙashin gidauniya mai sunansa, tana aiki da maza da mata. A 2020 hukumar ta ba shi lambar Jim Stynes ta hidimar al'umma. Hanyar da ya share wasu sun bi: Adam Saad ya shiga gwanayen shekara a 2022 yana Carlton, Haneen Zreika kuma ta zama Musulma ta farko a gasar mata a 2019.

Akwai 'yan Afirka a wasan?

Akwai, kuma suna ƙaruwa, yawancinsu 'ya'yan 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu. Majak Daw, haifaffen Khartum, ya fara buga wa North Melbourne a 2013. Aliir Aliir, wanda aka haifa a sansanin Kakuma na Kenya, ya shiga gwanayen shekara a 2021 da Port Adelaide.

In ina son in gani da idona, daga ina zan fara?

Melbourne na gaban Kano da Yamai da awa tara a lokacin kakar wasa. Wasan daren Juma'arsu yakan faɗo mana da hantsi, kafin a tafi masallaci. Wasan ƙarshe kuwa, wanda yawanci ake yi Asabar ɗin ƙarshen Satumba da ƙarfe 2:30 na ranarsu, yana farawa 5:30 na asubarmu, kana sallame salla ana jefa ƙwallo. Amma ba sai ka jira Satumba ba. Shiga YouTube ka nemi wasan ƙarshe na 2017, Richmond da Adelaide. Minti goman farko za ka ga kamar hargitsi ne kawai, kada ka kashe. Ka daina bin ƙwallon da ido, ka nemi mai gemu, lamba 14, a bayan 'yan baƙi da ɗorawa, ka bi shi duk inda ya nufa.